Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma shi ne mai taɓin hankali, ko mai ciwon damuwa, ko yaron da firgita ta hana shi barci, ya sami magani da shawara kusa da gidansa, a hannun ma'aikatan da suka san harshensa da danginsa, kada a kwashe shi zuwa wani asibiti mai nisa sai larura ta kai ga haka. A Kudancin Kaduna, wato ƙananan hukumomi takwas na Jema'a da Zangon Kataf da Kaura da Kauru da Kachia da Jaba da Kagarko da Sanga, wannan tsari bai zauna da gindinsa ba tukuna, alhali yankin yana cikin wuraren da suka fi buƙatarsa a Arewa.

Kafanchan ce cibiyar yankin. Jirgin ƙasa ne ya raya ta tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Shi ya sa ta tara Fantswam da Bajju da Kaninkon da Kagoro da Atyap da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa wuri guda, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da coci da asibiti. A nan babban asibitin yankin yake, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta amince ta mai da shi cibiyar lafiya ta tarayya. A nan kuma kwalejin jiha ta koyon aikin jinya da ungozoma take. Amma asibitin da aka keɓe wa ciwon ƙwaƙwalwa a jihar yana Barnawa ne, cikin garin Kaduna, tafiyar kusan kilomita 200 ta hanyar Kachia. Sauran wuraren da ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suka taru su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ya ma fi nisa, da na Jami'ar Jos, wanda ya fi kusa amma yana Jihar Filato.

Nisan nan ba a kilomita kaɗai ake auna shi ba. Wanda ciwonsa ya tashi ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an haɗa shi da ƙarti biyu ko uku daga dangi. Direban motar haya ba ya yarda ya ɗauki mai fizge-fizge cikin fasinjoji, don haka sai an yi shatar mota. In an isa, akwai kuɗin kati da na gado da na magani da abincin masu jinya, ga gona an baro babu mai nome ta. Iyali da yawa sukan iya wannan ɗawainiya sau ɗaya, su sai da akuya ko buhunan hatsi su yi ta. Abin da ba sa iyawa shi ne komawa duk wata domin ganin likita da karɓar magani, kuma ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani irin wanda ke buƙatar bibiyar shekaru ne. Da maganin da aka sallamo su da shi ya ƙare, sai a zauna. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, dangi kuma su yanke hukuncin cewa ba na asibiti ba ne. Yawancin abin da ake kira gazawar maganin asibiti a ƙauyukan yankin, yankewar magani ce kawai.

Ƙarancin ƙwararru kuwa na ƙasa ne baki ɗaya. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane, wasu na ficewa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya kowace shekara. Masu kula da ƙwaƙwalwar yara sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa cikin masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Duk wani shirin da ya dogara ga samun likitan ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma, shiri ne na takarda.

Abin da ya bambanta Kudancin Kaduna da wasu sassan shi ne tarin tashe-tashen hankula da aka jera cikin kusan shekaru arba'in. A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke daga kwalejin horar da malamai ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtua da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, a Fabrairu da kuma Mayu. A 1999 Kafanchan ta sake rikicewa kan naɗin sarauta. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da kewaye, aka ƙone kasuwar Kafanchan, dubban mutane suka yi gudun hijira, wasunsu suka daɗe a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. A ƙarshen 2016 aka kai hare-hare Godogodo da Goska, a 2020 kuma ƙauyukan Zangon Kataf da Kaura da Jema'a suka sake shan wuya. Bayan haka garkuwa da mutane domin kuɗin fansa ta addabi Kachia da Kagarko da Kauru. Babu al'ummar da ta tsira: manomi Kirista da ɗan kasuwa Bahaushe da makiyayi Bafulatani, kowa yana da kabarin da yake tunawa. Wanda aka haifa a 1980 a yankin ya ga rikici yana yaro, ya gani yana saurayi, yanzu kuma 'ya'yansa suna gani.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko firgitar da ke biyo bayan mugun gani, ko wani taɓin hankali mafi nauyi. Ba lallai ne adadin ya zo daidai a kowane gari ba, amma ya isa ya nuna girman aikin. A kan wannan kuma talauci ya ƙara nasa. Cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, inda citta ce kuɗin makaranta da na aure da na asibiti, manoma da yawa kuma da bashi suka yi noman.

Mai irin wannan ciwo ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce yana cikin damuwa ba. Cewa yake kansa na ciwo, ko gabansa na faɗuwa, ko jikinsa na zafi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki, ko barci ya ƙaurace masa. Mai kemis ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ce, a ɗora shi kan allura da ƙarin ruwa. Matar da aka kashe mijinta a gabanta tana iya shekara uku tana shan maganin taifot, ba wanda ya taɓa tambayar ta abin da take gani in ta rufe ido. Wannan asarar kuɗi ce da ba a lissafa ta, kuma gyaranta bai wuce koya wa ma'aikacin lafiya tambayoyi biyar ko shida ba.

Idan ciwon ya fito fili, mutum ya fara surutai ko jin muryoyi ko duka, fassarar da aka fi yi masa ita ce sammu ko jifa ko iska ko maita. Tafiyar farko takan zama wurin mai maganin gargajiya, ko malami mai ruƙiyya, ko gidan addu'a inda ake azumi da roƙo dare da rana. Ba wauta ce ke kai mutane can ba. Waɗannan wurare suna kusa, ana biyan su da abin da ya sauwaƙa, suna sauraron iyali da kunnen basira, kuma suna ba da amsar tambayar da asibiti ba ya amsawa, wato me ya sa abin ya sami wannan gida. Illar ita ce jinkiri, wani lokaci na shekaru, da kuma abin da ake yi wa marar lafiya a wasu daga cikinsu: ɗauri da sarƙa, bulala, hana abinci. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. A ƙarshen shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ɗaure masu taɓin hankali ya zama ruwan dare a Najeriya, a wuraren Musulmi da na Kirista da na gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Rufe irin waɗannan gidaje wajibi ne inda ake azabtarwa, amma rufewa kaɗai ba ta ce wa uwar da ɗanta ke fasa kayan ɗaki ga inda za ta kai shi gobe ba.

Akwai hujjar cewa haɗa hannu da masu irin waɗannan wurare ya fi gaba da su amfani. A wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, an haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikatan suna kai ziyara wurin masu maganin suna duba marasa lafiya suna ba su magani. Waɗanda aka kula da su ta wannan hanya sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari yadda aka saba. Malami ko fasto bai rasa matsayinsa ba, marar lafiya kuma bai rasa maganinsa ba. A yankin da kowane ƙauye ke da coci ko masallaci amma ba kowane ke da nas ba, wannan ita ce hanya mafi kusa.

Ta fuskar doka, ƙasar ta daɗe a baya. Dokar mahaukata ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ce ta yi aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Tsohuwar ta ɗauki marar lafiya a matsayin haɗari da za a tsare. Sabuwar ta amince masa da haƙƙi, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kula da wannan fanni. Tun 1991 ma manufar gwamnati ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, aka sake nanata haka a 2013. Shekaru fiye da talatin ke nan maganar tana rubuce. Ƙananan asibitoci da manyan asibitocin gundumomi a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka ko dokar tarayya ta yi kyau, aiwatarwa a garuruwan yankin kamar Gwantu ko Kwoi ta rataya ne a wuyan gwamnatin Kaduna. Jihar tana da hukumar yaƙi da shaye-shaye wadda daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wannan mafari ne mai kyau in ayyukanta sun sauko daga babban birni.

Tunanin yi wa mutum magani cikin jama'a ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, su je asibiti da rana su koma gida da yamma. Duniya ta yaba wa tsarin, ƙasar da ta haife shi kuma ta bar shi ya shuɗe. Misalin da ya fi kama da Kudancin Kaduna shi ne na Jihar Binuwai, inda daga 2011 Cocin Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jiha suka haɗu suka buɗe ɗakunan duba masu ciwon ƙwaƙwalwa a asibitocin ƙananan hukumomi. Nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara ne suka riƙe aikin, bayan an horar da su da jagorar mhGAP, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ma'aikacin da ba ƙwararre ba. Cikin kimanin shekaru biyar an yi wa mutum fiye da 13,000 rajista. Mafi yawansu masu farfaɗiya ne da masu taɓin hankali mai tsanani, abin da ya nuna cewa waɗanda ciwonsu ke bayyane su ne ke fara zuwa, masu ciwon damuwa kuwa sai an fita neman su.

Kaduna tana da abin da za a ɗora irin wannan a kai. Jihar ta ɗauki manufar samar da ingantaccen ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255, kuma akwai manyan asibitoci a hedikwatocin ƙananan hukumomi, ga na mishan irin su Saint Louis da ke Zonkwa. Abin da ake buƙata a kowane ƙaramin asibiti ba gini ba ne: ma'aikaci ɗaya ko biyu da suka iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da alamun mai niyyar hallaka kansa, rana ɗaya a mako da aka ware wa masu wannan larura, da littafin rajista da za a san wanda bai dawo ba a bi shi gida. A babban asibitin kowace ƙaramar hukuma a sami nas mai horon ƙwaƙwalwa da 'yan gadaje kaɗan, domin a kwantar da wanda ciwonsa ya tashi na kwana goma ko mako biyu. Kafanchan kuma ta zama uwa: sashen ƙwaƙwalwa mai likita da masanin halayyar ɗan'adam da jami'in walwalar jama'a, waɗanda za su riƙa zagayawa, su kuma amsa wayar ma'aikacin ƙauye in ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa.

A kan wannan bibiya ce shirye-shirye da yawa suke mutuwa. Horon kwana biyar a otal abu ne mai sauƙi, ana ɗaukar hoto a raba takardar shaida. Amma ma'aikacin da aka horar aka sake shi babu mai leƙo shi, cikin wata shida zai koma ga abin da ya saba, ko a yi masa canjin wurin aiki a kawo wanda bai san komai ba. Kulawar na gaba da shi, wata-wata, ita ce ran aikin, kuma ita ce ke cin kuɗin mai da na mota da ba a son sakawa a kasafi. Hanya mafi ɗorewa ita ce kwalejin jinya ta Kafanchan ta ƙarfafa wannan darasi ga duk ɗalibinta, domin 'ya'yan yankin da suka yi karatu a gida sun fi zama a gida.

Sai magani. Magungunan da ake buƙata tsofaffi ne masu araha: amitriptyline domin ciwon damuwa, haloperidol da chlorpromazine domin taɓin hankali, phenobarbital da carbamazepine domin farfaɗiya, da allurar fluphenazine da ake yi bayan 'yan makonni ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna shan magani a kai a kai. Matsalar ita ce yankewa, da jabun magani a kasuwa. Asusun magani mai juyawa, wanda ake sayarwa da 'yar riba kaɗan a sake sayowa, ya yi aiki a wurare da dama, muddin ba a taɓa kuɗin domin wata hidima ba. Ga marasa hali kuma akwai ƙofofi biyu: asusun kiwon lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, da hukumar inshorar lafiya ta jihar, KADCHMA. Shigar da waɗannan magunguna cikin abin da suke biya, da tabbatar da cewa suna kan kanta a asibitin mazaɓa, ya fi kowane gangamin wayar da kai tasiri.

Ba kowane ciwo ne na ƙwaya ba. Yawancin masu damuwa da firgita abin da suke buƙata shi ne zama da wanda ya iya saurare, ya kuma iya bi da su mataki-mataki su warware abin da ya cushe musu. An gwada wannan a hannun mutanen da ba likitoci ba, ya kuma yi aiki. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na zama biyar da aka gwada a Fakistan da Kenya. Kudancin Kaduna tana da rundunar da za ta ɗauki wannan: zumuntar mata a cocin ECWA da Katolika da Angilika da Baftis, matan FOMWAN da malaman Islamiyya, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin gida irin su Gidauniyar Fantsuam da ke aiki a Kafanchan tun 1996. Su ne dama ke zuwa gaisuwar mutuwa da dubiya. Abin da za a ƙara musu shi ne sanin iyakarsu, da riƙe sirri, wanda a ƙaramin gari shi ne abu mafi wuya, da kuma daina gaya wa mai ciwon damuwa cewa ƙarancin imani ne ke damunsa.

Yara su ne aka fi mantawa. Kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana da wata larura ta wannan fanni. Yaro ba ya cewa yana cikin firgici. Sai dai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya manne wa uwarsa, ko ya riƙa zabura da ƙarar babur, ko ya zama mafaɗaci, ko karatunsa ya zube. A gida a ce taurin kai ne, a makaranta a sa bulala. Sace ɗalibai da aka yi a makarantar Bethel Baptist a 2021 da Kuriga a 2024, duka a ƙaramar hukumar Chikun, ya sa tsoro a zukatan yaran da ko kusa da wurin ba su je ba. Yaro mai farfaɗiya kuma yakan rasa makaranta gaba ɗaya saboda camfin cewa ana ɗaukar ta ta yawu, wanda ba gaskiya ba ne. Mafi muni shi ne yaron da ke da galahanga ko jinkirin fahimta, ko marayan da halinsa ya canza, a laƙaba masa maita. Irin wannan ƙazafi yana faɗawa kan tsofaffi masu ruɗewar tsufa ma. Jihar ta kafa dokar kare yara a 2018, amma doka ba ta shiga aji. Malamin firamare ne ke ganin yaro kullum, don haka kwalejin ilimi ta Gidan Waya wuri ne da ya dace a koya wa malamai gane waɗannan alamu da sanin inda za su tura iyaye. Kuma mafi yawan taimakon yaro ta hannun uwarsa yake bi: uwar da ta sami sauƙi, ɗanta ma yakan samu.

Wannan ya sa awon ciki da zuwa rigakafi suke da muhimmanci. Fiye da mace ɗaya cikin goma tana shiga ciwon damuwa bayan haihuwa, adadin kuma ya fi haka a ƙasashe matalauta. Mai jego da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ko ta ƙi jaririnta, ba raki take yi ba. Ungozoma ce ta fi kowa damar gano ta. Ga waɗanda aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi kuwa, cibiyar Salama da ke harabar babban asibitin Kafanchan tana haɗa magani da shawara da taimakon shari'a wuri ɗaya, kuma ta nuna cewa mutanen yankin suna zuwa in sun amince da wuri.

Shaye-shaye ya ratsa duk waɗannan. Binciken ƙasa na 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. A 2018 ne aka hana maganin tari mai kodin. A yankin, wiwi da tiramol sun haɗu da burkutu da barasa mai arha ta cikin leda, matasa da yawa kuma suna sha ne domin su iya aikin gona ko acaɓa ko gadin dare na 'yan sintiri, wasu domin su manta. Kamu da ɗauri ba sa warkar da wannan. Haka batun kashe kai: dokokin hukunta laifuka da aka gada sun ɗauki yunƙurinsa laifi mai ɗaurin har shekara guda, abin da ke sa iyali su ɓoye wanda ya sha guba maimakon su nema masa taimako, ko da yake gwamnatin tarayya ta bayyana aniyar soke hukuncin. A ƙasar manoma, maganin feshi yana kowane ɗaki. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a 2019, amma kulle maganin ƙwari nesa da hannu aiki ne na kowane maigida da kowane mai shagon kayan gona.

Akwai wani sharaɗi da ya keɓanta da wannan yanki. Rikice-rikicen baya sun raba zama a garuruwa da yawa, Musulmi a gefe, Kirista a gefe, har akwai unguwar da wani ba ya shiga in rana ta faɗi. Ɗakin duba marasa lafiya da aka ajiye a harabar coci ko masallaci, komai kyan niyya, rabin gari kawai zai yi wa aiki. Dole wurin ya zama na kowa, ma'aikatan su fito daga ɓangarorin biyu, a kuma sami mai jin Fulatanci da zai kai ziyara rugage da wurare irin Ladduga a Kachia, da masu jin Tyap da Jju da Hyam domin tsofaffin da Hausarsu ba ta isa bayyana abin da ke zuciya ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu a Maris na 2016, ta nuna cewa ana iya zaunar da su a tebur ɗaya. Sarakunan yankin, daga Sarkin Jema'a zuwa Agwatyap da Agwam Bajju da Kpop Ham, da hakimai da dagatai a ƙarƙashinsu, su ne za su iya cewa daga yau ba za a ɗaure kowa da sarƙa a ƙasarsu ba, a ji.

Mayar da asibitin Kafanchan hannun gwamnatin tarayya dama ce da yankin bai taɓa samun irinta ba, domin a lokacin da ake tsara sassa da ɗaukar ma'aikata ne ake yanke abin da zai wanzu shekaru. Idan aka buɗe sashen ƙwaƙwalwa a can aka tsare shi cikin katanga yana jiran wanda ya iya zuwa, an rage tafiyar Barnawa ne kawai, mutumin Fadan Karshi da na Kubacha suna nan inda suke. Ya kamata 'yan majalisar yankin da shugabannin ƙananan hukumomi takwas su nemi abu uku a rubuce cikin kasafin kuɗi: albashin nas mai horon ƙwaƙwalwa a kowane babban asibiti, kuɗin zagayen duba ƙananan asibitoci duk wata, da magani da ba ya yankewa a matakin mazaɓa.